Muryar Matar da Ta Amince da Ni Ta Fita Daga Wayata

Wata 'yar uwa ce ta turo mana wannan ta bayan fage, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga shi kamar yadda ta rubuto, ban taɓa komi ba. Don Allah a yi sharhi cikin mutunci.

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf, barkanmu da warhaka, ya aikin gona. Don Allah ku ba ni shawara, kwana nawa ke nan ina rubuta wannan saƙon ina gogewa, ko yanzu ma ba da wayata nake rubutu ba, ta ƙanwata na ara, idan kun karanta za ku gane dalili.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti, cikin wani ƙauye tsakanin Dayi da Malumfashi, ba zan faɗi sunan shi ba. Shekara tara ina aiki a nan, awon ciki, rigakafin yara, karɓar haihuwa, da tazarar haihuwa ga mai so. Ina da aure da yara uku, mijina hatsi yake saye yana kaiwa Funtua, masara da dawa da waken suya, yana kuma ɗan taɓa taki idan damina ta kama. Wallahi ban taɓa kai ƙarar shi gidanmu ba, mutum ne marar hayaniya, shi ya sai mani babbar wayar ma da hannun shi.

Wanda ya san matan ƙauye ya san yadda suke da kunya, mace za ta zo asibiti ta zauna a benci tun safe, idan layi ya zo kanta ta ce ciwon kai ne, alhali ba shi ya kawo ta ba. To da wayoyi suka yawaita sai suka samu hanya, ta ari wayar ɗiyarta ko ta maƙwabciya, ta shiga ɗaka ta yi mani saƙon murya, ta faɗi abin da ba za ta iya faɗa ido da ido ba, ta goge a can. Ni kuma ba na gogewa, saboda in tuna wa na ba wane magani. Wannan shi ne kuskurena na farko, na yarda. Cikin wayata akwai maganar da idan ta fita, gidaje da yawa ba za su zauna lafiya ba.

Akwai wata, bari in kira ta Lami, ba sunanta ba ne. Haihuwarta bakwai, ta ƙarshe a hannuna ta yi ta, jini ya ɓalle mata, a bayan motar ɗaukar masara muka kai ta Malumfashi ina riƙe da ledar ruwa a sama, ban zaci za ta tashi ba. Likita ya ce lallai ta huta, ta faɗa wa mijinta, Alhaji ya ce shi ba a yin wannan a gidan shi. Bayan arba'in ta yi mani saƙon murya tana kuka, ta ce Malama ki rufa mani asiri ki sa mani ashanar nan ta tazarar haihuwa da ake sa wa a hannu, ina son in ga girman yaran nan, kada Alhaji ya sani. Na sa mata. Na san cikin ku akwai masu cewa ban kyauta ba, ku faɗa, zan ji, amma ni na ga jinin da idona. Kuma ku riƙe wannan, Alhajin nan abokin kasuwancin mijina ne, mota ɗaya suke lodi, rumfa ɗaya suke zama ranar kasuwa.

Wajen farkon damina wayata ta fara wasu abubuwa. Tana cikin jaka ba na taɓa ta amma in ɗauko ta da zafi kamar an ajiye ta kusa da murhu, cajin da ke kai ni yamma ya koma ƙarewa kafin azahar, datar wata ɗaya ta tafi cikin sati. Wani lokaci ina zaune sai in ga wani ɗan ɗigo ya haska a saman gilashin ya ɓace. Na ce tsufa ne wayar ta fara, na sai abin ajiyar caji na ci gaba da harkata.

Sai ranar wata Talata, ina cikin awo, na ga Lami ta shigo ba mayafin kirki, ido ya kumbura. Ba ta gaishe ni ba. Ta tsaya a gaban mata sun fi ashirin ta ce, "Malama, me na yi maki? Da bakina na roƙe ki." Na ja ta ɗakin magani na rufe ƙofa, a nan ta gaya mani wata baƙuwar lamba ce ta tura wa Alhaji muryarta, ita ɗin dai da ta yi mani, har da kukan, ya kunna mata a tsakar gida gaban uwar shi, ya kama hannunta ya laluba ya ji ashanar, ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Na rantse mata da Allah ban tura wa kowa ba, ta kalle ni kawai ta ce to waya ce ta tura kanta, ta fita.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Wadda na fara zargi abokiyar aikina ce, don wani lokaci ina barin wayar a caji a teburinta, na daina cin abinci da ita, na daina amsa mata da sakin fuska, baiwar Allah har ta tambaye ni ko ta yi mani laifi na ce babu. Na zargi matar da Lami ta ari wayarta. Na zargi yarana. Kowa na kalla sai in ga kamar ya san wani abu. Labari kuma ya zagaye gari cewa Malamar asibiti tana tura wa maza asirin matansu, ranar awo da benci uku ke cika, satin da ya wuce mata huɗu suka zo. Wata mai ciki wata takwas da ƙafafunta suka kumbura, na aika mata ta zo a auna jininta, ta ce ta gode za ta sha na gargajiya. Wannan ya fi komi tsaya mani a rai.

Ana cikin haka wani abu ya faru a gida. Na daɗe ina son in koma makaranta in ƙaro karatun ungozoma, ban gaya wa mijina ba, ina jiran a gama girbi hankalin shi ya kwanta. Mutum ɗaya na faɗa mawa, ƙanwata da ke aure a Maska, ita ma ta saƙon murya. Rannan da safe ina zuba mashi koko, sai ya yi murmushi ya ce, "To 'yar makaranta, wa za a bar wa yaran?" Na ce wace makaranta, ya ce a'a wasa yake. Na kira ƙanwata na yi mata faɗa sosai, ta ce wallahi ko mijinta ba ta gaya mawa ba, kuma rabonta da magana da mijina tun sallah. Ita ce ta ce mani, Yaya ki kai wayar nan a duba, wannan ba aikin baki ba ne.

Na shiga Malumfashi ban gaya wa kowa ba, ƙanwar tawa dama ta yi mani kwatancen wani mai gyaran waya, dattijo ne mai furfura a gemu, ba irin masu rawar kan nan ba. Ya karɓa ya yi ta shiga wurare da ban taɓa sanin akwai su a wayata ba, can ya ce Hajiya matso ki gani. Manhaja biyu ya nuna mani. Ta farko na gane ta, ni na sauke ta da hannuna, wani link ne aka turo a guruf ɗin matan unguwarmu wai a cike a samu tallafin taki, na danna, ta ce in ba ta izinin lambobi da saƙonni da hotuna, ni kuma na yi ta danna na yarda na yarda ban karanta ba, taki dai har yau ban gani ba. Ya ce wannan ta ɓarayi ce, ba daga shagon manhajoji na waya ta fito ba, me ya haɗa rabon taki da hotunanki. Ta biyun kuwa ba ta da hoto a fuskar waya ko kaɗan, an ba ta suna irin na kayan cikin waya don kada a kula ta. Ya buɗe ya karanta mani abin da aka ba ta izini, tana jin magana, tana ganin kamara, tana karanta saƙonni, tana sanin inda nake, kuma duk abin da ta kwasa tana aikawa waje, shi ne datar da ke ƙarewa.

Na ce to ita ma link ne? Ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba ta shiga da kanta. Sai mutum ya riƙe wayar a hannu, a buɗe, ya zauna ya sa ta. Wa kika ba wayarki?" Ya nuna mani ranar da aka sa ta. Na yi lissafi, na gane ranar. Ranar ce gilashin wayar ya tsage, mijina ya ce in kawo ya tafi da ita Funtua tunda kasuwa za shi, a canja mani, ya tambaye ni lambobin buɗewa wai mai gyara zai gwada, na ba shi, ya dawo mani da ita da yamma da sabon gilashi har na yi ta godiya.

Dattijon ya ce in bari ya kwashe mani hotunan yara ya wanke wayar tas, in canja duk lambobin sirri, in daina sauke abin da aka turo ta link, in kuma daina ba kowa wayata a buɗe ko wane ne. Na ce ya cire ta takin, ɗayar ya bar mani ita kwana biyu. Ya kalle ni ya ce Hajiya ki yi a hankali, abin da mutum ke nema wani lokaci ba ya son ya same shi. Na tambaye shi cikin biyun wace ce ta fitar da muryar Lami, ya ce ba zai ɗauki alhaki ba, kowace na iyawa, ita ta ɓoyen ma ba wanda ya sa ta kaɗai ke gani ba, wanda ya haɗa mashi ita da masu ita can inda suke duk suna iya gani. Amma ya ƙara da cewa ɓarayin nesa kuɗi suke nema, da su ne da sun fara kiranta ko ke su tsorata ku, wanda ya tura wannan bai nemi ko sisi ba.

Na wuce Maska a ranar, muka shirya da ƙanwata baki da baki, wayar tana can ɗaki cikin jaka ƙarƙashin filo. Da na dawo gida na yi mata saƙon murya na ƙarya, na ce na sayi fom ɗin makarantar har na cike, na ɓoye shi cikin buhun geron da ke bayan ƙofa a ɗakin ajiya. Babu wani fom. Na je na ɗaure bakin buhun da ɗaurin da nake yi, zarge ɗaya irin na ɗankwali. Washegari na dawo daga aiki da la'asar, yara suna islamiyya, na shiga ɗakin ajiya. Buhun na nan inda yake, amma an kwance shi an sake ɗaurewa, ɗaurin 'yan kasuwar hatsi, wanda ake naɗe igiya sau biyu a soke ta ƙasa. Mutum ɗaya ne ke irin wannan ɗaurin a gidana. Na zauna a kan buhun masara na rasa ko kuka zan yi.

Ban yi mashi ihu ba, bayan ya ci abinci na ajiye wayar a gaban shi na ce Baban Ummi me ka sa mani a ciki. Da farko ya ce bai gane ba, ya ce aikin asibiti ya fara taɓa mani kai, na ce to me ka je nema cikin buhun gero. Nan ne sai ya ce shi ba da mugun nufi ya yi ba, wai mai shagon da ya canja gilashin ne ya ce mashi akwai manhajar tsaro, tunda matarka na hawa babur tana shiga ƙauyuka rigakafi ga yadda hanyoyi suka lalace, idan wani abu ya faru Allah ya kiyaye za ka san inda take. Ya ce saboda tsoron a ɗauke ni ya yarda, daga baya ne ya ga ashe har murya ana ji, shaiɗan ya ja shi ya saurara sau biyu ko uku. Na ce sau biyu ko uku har da ta makaranta har da ta buhu, to ta Lami fa? Ya ce ya ji ta, bai ɓoye ba, amma ya rantse da Allah bai tura wa Alhaji ba, bai kuma faɗa mashi da baki ba. Ya ce mai shagon ne ya buɗe mashi komi, shi ya zaɓa mashi lambobin sirrin ma, ƙila shi ne.

Na ce to tashi mu tafi Funtua gobe ka nuna mani shagon. Ya ce a'a, wai idan aka tayar da maganar za ta kai kunnen Alhaji, kuma duk kasuwa za a ji cewa yana leƙen wayar matar shi, da wane ido zai kalli mutane. Ya roƙe ni in bar maganar a cikin ɗaki, ya ce zai je da kan shi ya ba Alhaji baki ya mai da Lami, ya ce makarantar ma ya amince in tafi. Wallahi wannan amincewar ta fi ba ni tsoro a kan ƙin da na zata zai yi. Shekara goma sha biyu muna tare ban taɓa kama shi da ƙarya ba, yanzu kuma duk abin da ya faɗa sai na juya shi sau uku. Tsoron hanya gaskiya ne, ni kaina ina jin shi, ya sha raka ni har bakin titi ya tsaya sai babur ya ɓace. Amma mai tsoron a sace ka ai gaya maka yake, ba ɓoye maka ba.

An wanke wayar yanzu, na canja komi, na sa mata sabbin lambobin da ni kaɗai na sani, na je na ba abokiyar aikina haƙuri duk da ban gaya mata dalili ba. Amma abin da ya fita ya riga ya fita. Dattijon ya ce wankewa tana hana na gaba ne, ba ta dawo da na baya. Wata uku manhajar nan tana kwasa. Akwai muryar wadda ke shan maganin da ko uwarta ba ta sani ba, akwai ta amaryar da ta tambaye ni abin da ba zan iya rubutawa a nan ba, akwai hotunan takardun gwaji. Ban san a hannun wa suke ba, ban san ranar da wata za ta sake shigowa asibiti ido a kumbure ba. Shugaban asibitinmu kuma ya kira ni, ya ce magana ta kai wajen mai gari, in rubuto bayani a takarda kafin Litinin yadda aka yi sirrin marar lafiya ya fita daga hannuna. Idan na rubuta manhajar taki ce kawai, ban yi ƙarya duka ba, kuma mijina ya tsira, amma ni na san ba ita ce gaskiyar duka ba. Idan na rubuta sunan shi, na tona uban 'ya'yana a garin da aka haife shi, kuma ƙila bai aikata ba.

Jiya da rana wani tunani ya zo mani ina cikin wanke kayan aiki, na tsame hannu na ɗauko wayar na bi lambobin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, na kuma duba littafin da na kwafe su kafin a wanke ta. Lambar Alhaji ba ta ciki. Ban taɓa ajiye ta ba, ban taɓa kiran shi ba, Lami ma ba da wayar gidansu ta yi mani magana ba, kuma cikin muryar ba ta faɗi sunanta ba, Alhaji kawai ta ce, Alhazai nawa ne a ƙasar nan. Ke nan wanda ya tura ya gane muryarta, ya san wane Alhajin ne, yana kuma da lambar shi. Mai shago a Funtua ina ya san muryar Lami? Na yi ta neman wata hanyar da hakan zai yiwu, ko mijina ya kunna a rumfa wani ya ji, ko ya ba wani labari shi kuma ya ɗauki wayar shi, ina ta nema mashi mafita da kaina, har yanzu ban samu wadda ta zauna mani ba. Ban tambaye shi wannan ba tukuna, ina tsoron amsar.

To 'yan uwa ku gaya mani. In sake tunkarar shi da maganar lambar, ko in kai wa yayan shi a zauna da manya? Me zan rubuta a takardar Litinin? Matan nan da muryoyinsu ke waje, in bi su gida gida in gaya masu su zauna da shiri, ko in yi shiru kada in tayar masu da hankali a kan abin da ƙila ba zai faru ba? Masu ilimin waya a cikin ku, akwai yadda ake goge abin da irin wannan manhajar ta riga ta kwasa, ko a gano mai baƙuwar lambar? Malamai kuma, rantsuwar da ya yi ta wajabta mani in yarda da shi ko da zuciyata ta ƙi?

Ita kuma Lami tana gidansu da jaririya a baya, sauran shidan suna hannun kakarsu. Ɗazu da safe ƙanwar babanta ta same ni a asibiti, ta ce in ji Lami, ita ba ta neman komi a wajena, ba ta kuma son haƙurina, suna ɗaya kawai take so in faɗa mata, wa ya yi mata wannan. Na ce ta dawo jibi. Don girman Allah ku taimake ni kafin jibin, me zan ce mata?